Sirrin da ke cikin wayarka ba naka ba ne kai kaɗai

Kwanakin baya wani saƙo ya shigo wayata da sassafe daga lambar da ban sani ba, ɗauke da hoton wani bawan Allah da muke sallah masallaci ɗaya, an rubuta da Turanci wai ɓarawo ne ya gudu da kuɗin kamfani, duk wanda ya san shi ya ja masa kunne. Kafin azahar na gane ba ni kaɗai aka tura wa ba, an tura wa surukinsa, an tura wa malamin islamiyyar yaransa, har da mai gidan da yake haya. Abun da ya faru shi ne ya ci bashin 'yan dubbai a ɗaya daga cikin manhajojin lon ɗin nan da ake saukewa a waya, sai ya makara da biya da 'yan kwanaki. Ranar da ya sauke manhajar ta nemi izinin shiga lambobin wayarsa da hotunansa, ya danna eh kamar yanda dukkanmu muke dannawa ba tare da mun karanta ba, shikenan suka kwashe. Mutumin nan sai da ya yi sati bai fito jam'i ba saboda kunya.

Abun da ya tsaya min a rai shi ne, ni fa ban ci bashin kowa ba, ban sauke manhajar ba, ban danna eh ɗin komai ba, amma ga lambata da sunana a hannun wasu mutane da ban san su ba, kuma har gobe suna nan a wajensu. Shi ɗaya ya danna, mu duk da muke cikin wayarsa aka kwashe. Tun daga ranar na daina kallon maganar sirrin waya a matsayin abun da ya shafi mai wayar shi kaɗai. Wayar kowannenmu cike take da amanar mutane, lambar matar wani, hoton 'yar wani, muryar ƙanwarka tana kuka tana faɗa maka abun da ke tsakaninta da mijinta, takardar asibitin mahaifinka da ka ɗauka a hoto don ka tura wa likita. In ka yi sakaci ba kanka kaɗai ka tona wa asiri ba.

Kuma abun ya yi yawan da sai da hukuma ta shigo ciki. A watan Agustan 2021 hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa NITDA ta ci tarar wani kamfanin bashi na Legas naira miliyan 10 kan irin wannan aika-aikar, a watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya FCCPC ta kai samame ofisoshin wasunsu, sannan daga ƙarshen Mayun 2023 Google ya hana manhajojin bashi da ke Play Store taɓa lambobi da hotunan mutane. An samu sauƙi gaskiya, amma wasu da aka kora sun koma tura linki ta WhatsApp da tes, kuma abun da aka riga aka kwasa ai ba dawowa zai yi ba.

Nasan amsar da mutanenmu ke bayarwa in an taso da zancen nan, wai ni ba ɓarawo ba ne ba ɗan ta'adda ba, su duba mana me zasu gani. Toh amma Bahaushe bai taɓa rayuwa a kan wannan tunanin ba. Me ya sa ake gina zaure? Me ya sa ake rubuta ba shiga a ƙofar gida, baƙo ya tsaya waje ya yi sallama har sau uku in ba a amsa ba ya juya? Ai ba don ana aikata laifi a ciki ba ne, don gida ne kawai, akwai mata akwai yara akwai ranar da ba a ɗora tukunya ba kuma ba a son maƙwabci ya sani. Addu'ar da muka fi yi wa juna ita ce Allah ya rufa asiri, kuma Alƙur'ani a Suratul Hujurat aya ta 12 ya hana bin diddigin asirin mutane ƙarara. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Abun da ya canza shi ne yanzu tsakar gidan ta koma cikin aljihu, kuma ba mu gina mata zaure ba.

Mu fara da kamfanoni, tunda su ne kullum muke tare. Banza ba ta kai zomo kasuwa, duk manhajar da ka ga kyauta ce akwai inda mai ita yake fanshewa, yawanci ta hanyar talla, kuma talla ta fi tsada in an san ko kai waye, shekarunka, unguwarku, me ka bincika jiya da daddare. Shi ya sa zaka ga manhajar tocila ko ta gyaran hoto tana neman izinin sanin inda kake da shiga lambobinka, alhali ba abun da ya haɗa aikinta da su. Dubi Truecaller, manhajar nan mai nuna maka sunan wanda ke kiranka, da kowa ke jin daɗinsa, kamfanin ƙasar Suwidin ne, ka taɓa tambayar kanka ina ya samo sunan mutumin da bai taɓa sauke shi ba? Daga wajen masu amfani da shi ne, sunan da wani ya ajiye ka da shi ko ya laƙaba maka, shi ya sa wani lokacin zaka ga sunan da ya fito irin wanda abokai ko 'yan gida ke kiran mutum ne. NITDA ma ta buɗe bincike a kansa a 2019.

Babban misalin wannan a duniya shi ne badaƙalar Cambridge Analytica da ta fashe a 2018. Mutum kusan 270,000 ne kawai suka shiga wata 'yar manhajar tambayoyi a Facebook, amma da yake a lokacin tsarin Facebook ya yarda manhaja ta ɗebi bayanan abokan wanda ya shiga, sai aka wayi gari bayanan mutum har miliyan 87 sun fita, aka kai su kasuwar siyasa. Amurka ta ci tarar Facebook dala biliyan 5 a 2019. Kaga dai irin labarin maƙwabcina ne sak, girman ne ya bambanta.

Wanda ya fi taɓa ni kuwa shi ne na Muslim Pro, manhajar da ke nuna lokutan sallah da alƙibla, wadda aka sauke kusan sau miliyan 100 a duniya. A Nuwamban 2020 'yan jaridar shafin labarai na Motherboard suka gano tana tura bayanan inda mai wayar yake ga wani dillalin bayanai mai suna X-Mode, shi kuma cikin masu saye a wajensa har da 'yan kwangilar sojan Amurka. Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa soja, suka ce sun yanke hulɗa da dillalin, Apple da Google kuma suka kori X-Mode daga manhajojin da ke kasuwarsu. Amma ka lura da yanda abun yake tafiya, manhajar sallah dole ta san garin da kake don ta ba ka lokaci daidai, ka ba ta da zuciya ɗaya, daga nan bayanin ya bi hannu zuwa hannu har ya isa inda ba ka taɓa zato ba. A nan ne katangar da ke tsakanin leƙen kamfani da leƙen gwamnati take rushewa, abun da kamfani ya tara don talla gwamnati na iya saye ko ta aika takarda a ba ta.

Yanzu ga wajen da nake ganin mutane da yawa ba su gane ba. In aka ce ana sa ido a waya, hankalin kowa yana tafiya ne kan wani yana zaune da abun ji a kunne yana sauraron hirarka. Ana yin wannan, amma aiki ne mai cin lokaci da ma'aikata. Abun da ya fi sauƙi kuma ya fi amfani ga mai leƙe shi ne sawun da wayar ke bari. Muddin wayarka a kunne take da sim a ciki, tana gaisawa da ƙarfen sabis mafi kusa da ita, ko babba ce ko 'yar rakani masallaci, ko da data ko babu, in ba haka ba kira ba zai same ka ba. Kamfanin layi yana da rubutaccen wa ka kira, ƙarfe nawa, minti nawa kuka yi, kana ƙarƙashin wane ƙarfen sabis, da lambar jikin wayar ita kanta wato IMEI, wadda ko ka canza sim ba ta canzawa. Mafarauci ba ya buƙatar dabba ta yi masa magana, sawu ya ishe shi. Ma'aikacin wata ma'aikata ya kira ɗan jarida sau uku cikin dare, bayan kwana biyu labarin satar kuɗi a ma'aikatar ya fito, waye yake buƙatar jin me suka ce? Mutumin ƙauye ya kira lambar wani hafsan soja, washegari aka kai farmaki dajin da ke kusa da su, in wannan bayanin ya faɗa hannun infoma ai ransa ake magana.

Lokacin da Edward Snowden, wanda ya yi aiki da hukumomin leƙen asirin Amurka, ya fasa ƙwai a watan Yunin 2013, takardar farko da aka buga umarni ne na wata kotun sirri da ya tilasta wa kamfanin waya na Verizon miƙa wa hukumar leƙen asirin Amurka NSA irin wannan sawun na kiran abokan cinikinsa kullum, ba muryoyin ba. Masu kare gwamnati suka yi ta cewa ai ba a saurari kowa ba. Sai ga tsohon shugaban NSA da CIA ɗin, Janar Michael Hayden, a 2014 ya faɗa da bakinsa a wajen wata muhawara cewa suna kashe mutane bisa irin wannan bayanin.

A Najeriya abun da aka yi cikin shekaru goma sha wani abu shi ne an sa wa kowane sawu suna da fuska. An fara rajistar sim a 2011, BVN ta zo a 2014 ta ɗaure duk asusun bankinka da zanen yatsunka, dokar laifukan intanet ta 2015 a sashe na 38 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan zirga-zirgar masu layi na shekara biyu, a 2019 hukumar kula da kamfanonin sadarwa NCC ta fitar da ƙa'idar sauraron sadarwa, sannan a Disambar 2020, zamanin minista Isa Ali Pantami, aka ba da sati biyu kowa ya haɗa layinsa da NIN. Duk mun tuna cincirindon da aka yi a ofisoshin NIMC, hukumar da ke ba da NIN, ana tsakiyar korona, tsofaffi da mata masu goyo tun asuba. An yi ta ɗaga wa'adin, a Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 kira, har aka zo wa'adin ƙarshe a Satumban 2024. Yanzu lambar waya ɗaya tana kaiwa ga NIN, NIN na kaiwa ga hoto da adireshi da ranar haihuwa, kuma an haɗa ta da asusun banki da fasfo da rajistar JAMB.

Ni ba na cikin masu cewa gwamnati ba ta da hurumin bin sawun kowa. Wanda ya taɓa zama cikin dangin da ake haɗa kuɗin fansa, ana sayar da gona da shanu, ana jiran kiran da zai shigo daga daji, ba zai ce kar a bi sawun waya ba. Da sunan wannan bala'in aka ce mu yi layi, muka yi. Da sunansa aka kashe sabis gaba ɗaya a Zamfara a Satumban 2021, aka biyo da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, mutane suka yi ta tafiya mai nisa don kawai su kira 'yan'uwa ko su karɓi kuɗi. Toh amma bayan duk wannan masu garkuwa ba su daina kira ba, sau da yawa ma da wayar wanda suka sace suke kiran, ko da layin da aka yi wa rajista da NIN ɗin wani talakan da bai san hawa ba bai san sauka ba. Shi kansa Pantami a Janairun 2024, lokacin da sace-sacen Abuja suka tayar da hankalin kowa, ya fito ya ce matsalar ba daga tsarin ba ce, hukumomin tsaro ne ba sa amfani da shi yanda ya kamata. Sanin inda ɗan bindiga yake daban, zuwa wajen daban.

Amma in ɗan jarida ake nema, abun yana aiki da sauri. Ƙungiyar kare 'yan jarida ta CPJ ta fitar da rahoto a farkon 2020 kan yanda 'yan sanda suka yi amfani da bayanan kira wajen kama 'yan jarida a Najeriya, kuma salon shi ne wanda ya dace da abun da nake faɗa tun farko, ba kai ake fara kamawa ba, wanda kuka fi waya da shi ake ɗaukowa a sa shi ya kira ka. Haka aka yi wa Samuel Ogundipe na Premium Times a Agustan 2018 kan labarin da ya buga game da wani rahoton Sufeto Janar na 'yan sanda, abokiyar aikinsa aka fara tsarewa aka sa ta kira shi. A Janairun 2019 sojoji suka shiga ofisoshin Daily Trust na Abuja da Maiduguri kan labarin shirin ƙwato Baga, suka tafi da kwamfutoci da wayoyi, kuma duk wanda ya taɓa ba ɗan jarida labari a ɓoye ya san me ke cikin irin waɗannan wayoyin. Bayan zanga-zangar EndSARS ta 2020 kuma Babban Banki ya samo umarnin kotu aka rufe asusu 20 na masu alaƙa da zanga-zangar, sai a Fabrairun 2021 aka buɗe musu. Yau kana iya cewa ai waɗancan ne ba ruwanka, amma na'ura ba ta san jam'iyya ba, wanda ke kan kujera ne ke juya ta, kuma kujera tana canza mai ita.

Sai kuma ɓangaren da ya fi ba ni takaici. A Maris na 2024 'yan jaridar kafar binciken ƙwaƙwaf ta FIJ suka bankaɗo wani shafi mai suna XpressVerify da ke fito da bayanan NIN na mutane ga duk wanda ya biya 'yan kuɗi kaɗan. Bayan wata uku ƙungiyar kare haƙƙin masu amfani da intanet ta Paradigm Initiative ta nuna wani shafin, AnyVerify, yana sayarwa a kan naira 100, har suka ce sun sayi takardar NIN ta ministan sadarwa Bosun Tijani da ta shugaban hukumar kare bayanai ta ƙasa don kowa ya gani da idonsa. NIMC ta ce ba a fasa rumbunta ba. Ko da an yarda da hakan, ma'anarsa ita ce ta ƙofa bayanan suka fita, ta hannun waɗanda aka ba lasisin tantancewa ko waɗanda suka raɓe su. Mu da shan rana a layi, wasu da karɓar ɗari-ɗari, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Kuma fasawod in ya fita kana canzawa, zanen yatsa da ranar haihuwa da sunan mahaifiya fa?

Ana kashe kuɗi sosai a kayan leƙe. Tun 2013 Premium Times ta ba da labarin kwangilar dala miliyan 40 da gwamnati ta ba kamfanin Elbit na Isra'ila don sa ido a intanet. A ƙarin kasafin kuɗi na 2021 an ware wa hukumar leƙen asiri ta NIA sama da naira biliyan 4.8 don bibiyar WhatsApp da wayoyin tauraron ɗan adam na Thuraya. A Disambar 2020 masu bincike na Citizen Lab da ke Jami'ar Toronto a Kanada suka lissafa ƙasashe 25 da suka gano alamar suna amfani da kayan kamfanin Circles, Najeriya na ciki. Shi wannan ba ya ma buƙatar shiga wayarka, yana bi ne ta wata tsohuwar kafa a tsarin da kamfanonin waya na duniya ke magana da juna, da lambarka kawai ana iya gano inda kake, a tare tes da kira. Ɗan'uwansa da ya fi suna shi ne Pegasus na kamfanin NSO, wanda ke iya shiga waya ba tare da mai ita ya danna komai ba ya buɗe kyamara da makirfo, a 2021 aka fallasa jerin lambobi kusan 50,000 da ake zargin abokan cinikin kamfanin sun zaɓa, har da na 'yan jarida da shugabannin ƙasashe.

Sai dai kar labarin Pegasus ya sa ka ce toh ai ba yanda za a yi, ka saki jiki. Kaya ne mai tsadar gaske, ba a ɓata shi a kan kowa. Yawancinmu ta ƙananan kafofi ake shigo mana, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wajen shiga. Wayar da ka bar wa mai gyara a buɗe ka tafi sai gobe, da duk hotunan iyalinka a ciki. Imel ɗin da yaron kafe ya buɗe maka shi ya zaɓi fasawod kuma har yau ba ka canza ba. Fotokwafin NIN da aka tara a wani ofis aka zubar a bola. Linkin tallafin gwamnati da ke yawo a guruf yana neman BVN. Kiran da ake yi a ce za a sa ka a taron guruf ɗin makarantarku ka karanto lamba shidan da ta shigo maka, kana karantawa an ɗauke WhatsApp ɗinka an fara roƙon kuɗi da sunanka wajen mutanen da suka yarda da kai. Mata ne suka fi ɗanɗana kuɗar wannan, hoto ɗaya in ya fita aure na iya mutuwa, kuma al'umma ita take zagi ta bar wanda ya fitar.

Waɗannan kam akwai maganinsu kuma ba kuɗi ake biya ba. Ka sa wa wayar makulli na lamba shida ko fiye, ba shekarar haihuwarka ba. Ka sa wa sim ɗin ma fin nasa, don ɓarawon waya yanzu sim ɗin yake so ya zare ya sa a wata wayar ya shiga bankinka, amma ka tambayi kamfanin layinka fin ɗin farko kar ka yi ta canka, in ka kuskure sau uku sai da lambar buɗewa ta PUK daga kamfanin layi. A WhatsApp ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, minti ɗaya ne. Ka zauna wata rana ka shiga saitin ka duba wace manhaja ce ke da izinin lambobi, makirfo, kyamara da wajen da kake, duk wadda aikinta bai buƙata ba ka cire, manhajar sallah ma kana iya rubuta mata sunan garinku da hannu ka kashe mata bin sawu. GB WhatsApp da ire-irensa na jabu dan Allah a rabu da su, ba wanda ya san waye ya ƙera su ko ina saƙon ke bi. In waya ta ce a sabunta ta a sabunta, yawanci ɓaraka ake toshewa. In za a kai gyara a cire sim da memori, in gyaran na tsayawa ne a tsaya. Kuma wanda ya iya ya yi wa iyayensa da matarsa da ƙannensa, tunda sirrinka yana cikin wayoyinsu kamar yanda nasu ke cikin taka.

Game da hira kuwa, kira na layi da tes a buɗe suke ga kamfanin layi da duk wanda ya ba dama. WhatsApp tun 2016 yake kulle saƙo ta yanda daga mai turawa sai mai karɓa ke iya buɗewa, wannan gaskiya ne, amma kullen bai rufe sawu ba, Meta, kamfanin da ya mallaki WhatsApp da Facebook, yana ganin lambobin da ke wayarka da lokutan da kake hawa da irin wayar da kake riƙe, kuma ajiyar hirar da ke tafiya Google Drive sai ka shiga da kanka ka kunna mata nata kullen. Telegram da mutane ke ɗauka ya fi tsaro, hirarsa ta yau da kullum da guruf ba su da irin wannan kullen sai ka buɗe hirar sirri. Manhajar hira ta Signal ce ta fi ƙarancin tara bayani, lokacin da wata kotu a Amurka ta nemi bayanan wani a 2016 abun da suka iya bayarwa shi ne ranar da ya buɗe asusun da ranar ƙarshe da ya hau. VPN da muka koya lokacin da aka rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 yana ɓoye wa kamfanin layi shafin da ka shiga, amma mai VPN ɗin yana gani, in na kyauta ne da ba ka san mai shi ba toh ka sauya mai leƙe ne kawai. Kuma duk kullen duniya ba ya hana mutum ɗaya cikin guruf na mutum 200 ɗaukar sikirinshot.

Abun da saitin waya ba zai taɓa gyarawa ba shi ne wanda ke rumbun kamfanin layi da na NIMC da na banki. Ko ka kashe lokeshon ƙarfen sabis ya san kana nan. Wannan sai doka. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ɗan ƙasa haƙƙin sirrin gidansa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya, kuma a Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanai wadda ta kafa hukumar NDPC. A ƙarƙashinta kana da ikon tambayar kamfani me ya ajiye a kanka, ka janye izinin da ka bayar, ka nemi a goge, in sun ƙi ka kai ƙara hukumar, kuma tarar manyan kamfanoni tana iya kaiwa kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara. An fara gani a ƙasa, NDPC ta ci tarar bankin Fidelity sama da naira miliyan 555 a 2024, FCCPC kuma ta ci tarar Meta dala miliyan 220 a Yulin 2024 bisa zargin ya tilasta wa 'yan Najeriya sharuɗan da bai tilasta wa Turawa ba, kotun sauraron ƙorafi ta tabbatar a Afrilun 2025.

Matsalar ita ce dokar tana da haƙori in kamfani ne, in aka zo kan gwamnati sai ta yi laushi, don ta ware harkar tsaron ƙasa da binciken laifi daga yawancin sharuɗanta. Ƙa'idar 2019 ta ce sai da izinin alƙali za a saurari layin mutum, amma ta bar ƙofa cewa in an ce gaggawa ce a fara sauraro a nemo izinin cikin awa 48, bayanan kira kuwa CPJ ta nuna ƙa'idojin NCC sun bari jami'an tsaro su karɓa ba tare da sun je gaban alƙali ba. A Nijar ma dokar da majalisa ta amince da ita a Mayun 2020 shugaban ƙasa ta ba ikon ba da izinin sauraro. Wanda ake zargi da amfani da kayan a kan abokan hamayya shi ne kuma mai ba da izinin amfani da su, wannan ba tsari ba ne da hankali zai kwanta da shi ko da mutumin kirki ne a kan kujerar.

Kullum in an zo kare kasafin kuɗi ana tambayar hukumomin tsaro motoci nawa suka saya. Ni tambayar da nake so wani ɗan majalisa daga Zamfara ko Katsina, wanda mutanensa suka yi layin NIN suka kuma zauna ba sabis, ya miƙe ya yi ita ce, daga 2019 zuwa yau layuka nawa aka bi sawunsu, nawa ne da sa hannun alƙali, nawa ne na 'yan jarida da 'yan adawa, kuma nawa ne suka kai ga an kuɓutar da wanda aka sace.